Lacca ta Waya a Yankin Zugu: Mafita Ce ko Rufe Ido?

Yaron da ya gama sakandare a yankin Zugu, wato Anka, Gummi ko Bukkuyum, in har yana son wucewa gaba, abu na farko da zai yi wa lissafi shi ne hanya. Manyan makarantun gwamnati da aka sani a Zamfara suna wasu sassan jihar ne. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 tana Gusau. Jami'ar Jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau suna Talatar Mafara. Kwalejin Ilimi tana Maru, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya kuma tana Ƙauran Namoda. Wanda bai yi can ba, sai ya nufi Sakkwato, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Daga Gummi a biyo ta Ɗaki Takwas, a ratsa Anka, a faɗa Mayanci kafin a hau babban titi. Kowa ya san yadda ake shiga wannan hanya yanzu: da addu'a a baki, kuma ba a bari dare ya yi.

Shi ya sa tambayar take ta dawowa. Tunda waya ta shiga hannun matasa, me zai hana a kai musu karatun har gida ta intanet? Ni malami ne a babbar makaranta. Na tsaya gaban allo, na kuma koyar ta waya, kuma cikin ɗalibaina akwai 'yan wannan yanki. A ɗakin malamai maganar ta raba mu gida biyu, kowane gida kuwa yana da hujjar da ba a ture ta da ƙafa. Zan kawo su yadda masu su suke faɗa, sannan in faɗi inda na tsaya.

Masu cewa a yi

Hujjarsu ta farko rai ne. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe. A watan Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A Satumban 2023 'yan bindiga suka kutsa gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Tarayya a Sabon Gida, gefen Gusau, suka yi awon gaba da ɗalibai, yawancinsu mata. Uban da ke zaune a Gwashi ko Bagega ya ji waɗannan labarai duka, kuma shi kansa bai manta da harin da aka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022 ba. In ya ce 'yarsa ba za ta je Gusau ba, kada wani ya kira shi maƙiyin boko. Tsoronsa yana da dalili. Masu goyon baya suka ce, to yarinyar nan zaɓinta biyu ne kawai: ko ta yi karatu ta waya, ko ta zauna gida haka nan. Da babu, gara ba daɗi.

Hujja ta biyu ita ce mutanen da ba za su iya tashi ba ko da hanya lafiya lau take. Ga malamin firamare a Nasarawar Burkullu, yana da takardar NCE, yana son digiri. In ya tafi, ajinsa ya watse, gonarsa ta koma saura, iyali kuma babu mai riƙewa. Ga matar aure mai goyo, wadda mijinta ya yarda ta yi karatu amma bai yarda ta kwana wani gari ba. Ga ma'aikacin ɗakin shan magani. Yankin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma, yana matuƙar buƙatar ma'aikatan lafiya masu ƙaro ilimi, kuma ba zai iya sakin 'yan kaɗan ɗin da yake da su su yi shekaru a wani wuri ba. A ɗora kuɗin mota a kai, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, a ƙara da kuɗin hayar ɗaki da na abinci. Yara da yawa suna samun gurbin karatu, amma guzuri ya gagare su.

Hujja ta uku tarihi ne. Suka ce kai ilimi wurin mai nemansa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta lura matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo gabanta ba. Sai ta zaɓi dattawan mata, ta naɗa su jajoji, ta koya musu waƙoƙin ilimi da ta tsara, su kuma su kai wa 'yan taru a ƙauyuka. A zamanin boko, an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, ta horar da ɗimbin malaman firamare suna bakin aikinsu, da littattafai da haɗuwar ƙarshen mako. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda gwamnatin Shehu Shagari ta kafa a 1983, soja suka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiya a Gusau. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Ingila kuwa tun 1969 ta kafa tata buɗaɗɗiyar jami'ar. Don haka, in ji su, waya sabon jakada ce kawai a tsohuwar hanya.

Hujja ta huɗu ta shafe mu malamai kai tsaye, kuma na gan ta da idona. Ajin 'yan shekarar farko yakan cika maƙil, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, na baya sai dai su ari littafin na gaba su kwafa. Amma in ka naɗi bayanin minti goma sha biyar ka tura, kowa kujerar gaba yake. Mai jinkirin fahimta zai saurara ya maimaita, a gona ko a shago, ba mai yi masa dariya. Kana iya yin bayanin da Turanci yadda manhaja ta tanada, sannan ka bi shi da Hausa a wurin da ya yi tsauri. Ɗalibar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba saboda kunyar maza, sai ka gan ta a zauren WhatsApp da tambaya a rubuce, tambayar da ta fi ta kowa zurfi. Kuma naɗar murya tana tsare malami a gaskiya. Abin da ka faɗa yana nan ajiye, kowa zai iya sake ji. Tsohon littafin lacca da ya yi ja saboda daɗewa ba zai fisshe ka ba; dole ka zauna ka shirya.

Masu cewa a dakata

Waɗannan sun ce a fara daga wuta da sabis, kafin a zo maganar ilimi. Ga yadda lacca kai tsaye takan kasance. Malam ya buɗe Zoom bayan la'asar. Sunaye suna shigowa suna fita. Wani ɗalibi daga wajen Bukkuyum ya hau babur ya je kan tudun da sabis yake kamawa, yana tsaye, ya ɗaga waya sama, murya tana zuwa masa guntu-guntu. Ana tsakiyar bayani sai sunansa ya ɓace. Bayan isha'i saƙonsa ya shigo: "Allah shi gafarta Malam, cajina ya ƙare, mai cajin kuma bai tada inji ba, babu mai." Wannan yaro ba malalaci ba ne. Ya fi ɗan birni wahalar neman darasin, kuma ya fi shi rasa shi.

Bidiyo kai tsaye na sa'a guda yana lashe ɗaruruwan megabait. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan manyan layukan da ke kawo wuta sun lalace. Ba kowace waya ce mai shiga intanet ba, kuma a gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, in ya fita kasuwa makarantar ta fita tare da shi.

Akwai kuma abin da duk Bazamfare ya shaida. A farkon Satumban 2021, bayan sace ɗaliban Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantu. Cikin kwanakin nan aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda aikin soja. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane sai sun fita jihar kafin su yi kiran waya. Masu adawa suka ce a duba da kyau: ranar da aka fi buƙatar karatun intanet, a ranar ce intanet ɗin ya ɗauke. Rashin tsaron da ya rufe aji shi ne ya kashe ƙarfen sabis. Yaya za a gina zangon karatu a kan abin da takarda guda daga Abuja za ta iya tsayarwa?

Hujjarsu ta biyu ido ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Malami a aji yana karanta fuska. Ya san wanda ya gane, ya san wanda ya gyaɗa kai don kunya, ya san wanda bai karya ba. Yakan canja misali nan take in ya ga goshi ya tattare. A waya kuwa, kowa ya kashe kyamara don tattalin data, sai ka ji kanka kamar mai wa'azi a bayan katanga. Ka ce, "An gane?" Shiru. Ko a ce, "An gane, Malam," alhali ba ka san ko mai amsar yana saurare ba, ko yana auna wa wani masara. Mu da muka tashi muka ga karatun zaure mun san ɗalibi ba baƙi da fassara kawai yake ɗauka a gaban malam ba. Yana ganin yadda malam yake zama, yadda yake karɓar gyara, yadda yake cewa "Allahu a'alamu" in an zo inda iliminsa ya tsaya. Jami'o'inmu ma cewa suke yi suna ba da digiri ne bisa hali da ilimi. Wa zai shaidi halin wanda bai taɓa gani ba? Sannan zaman makaranta yana haɗa ɗan Gummi da ɗan Ƙaura, da Bayarabe da Ibo, a ɗaki ɗaya. A jihar da zaman tare ya yi rauni, wannan ba ƙaramin darasi ba ne.

Ta uku ita ce amana. Wa ya rubuta jingar da aka turo? Da can satar amsa sai an wahala. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, ɗalibi yana iya kawo maka shafi biyar da Turanci mai santsi cikin minti biyu, ka kira shi ka tambaye shi ma'anar jimlar farko ya kasa. In malamin da zai koyar da 'ya'yanmu, ko mai allurar da zai duba matanmu, da irin wannan takarda ya fito, cutar a kanmu za ta ƙare.

Ta huɗu, akwai karatun da sai hannu ya taɓa. Ba a koyon ɗaura ƙarin ruwa ta bidiyo. Ba a koyon haɗa sinadari, ko auna fili, ko riƙe aji mai yara tamanin, ta saƙon murya.

Ta biyar, yawan masu zubewa a hanya. Lokacin da manyan jami'o'in Amurka suka buɗe darussan kyauta ta intanet a 2012, an yi ta cewa zamanin aji ya ƙare. Binciken da aka wallafa a 2019 kan darussan Harvard da MIT ya nuna wajen kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka yi rajista a zangon 2017 zuwa 2018 suka kammala. Karatun kaɗaici yana buƙatar mai tsohon tushe da horon kai, shi kuwa ɗalibinmu sau da yawa ya fito ne daga sakandaren da ba ta da isassun malamai.

Ta shida tamu ce, mu malamai. Darasin minti goma sha biyar yakan ci wa malami dare guda: ka rubuta, ka naɗa, zakara ya yi cara ko janareton maƙwabci ya tashi, ka sake. Datarka ce, wayarka ce, kuma babu lokacin tashi daga aiki, domin saƙo yana shigowa har tsakar dare. A 2020, da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris, aka umarci manyan makarantu su koma intanet. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun ci gaba da karatu. Na gwamnati kuwa babu kayan aiki, ga yajin aikin ASUU da ya kai har Disamba. Malamai da yawa ba su manta da umarnin da ya zo babu horo babu kayan aiki ba, shi ya sa in an ambaci maganar yanzu suke ɗaure fuska.

In aka ɗora a sikeli

Da na auna, na ga ba duk hujjojin ne nauyinsu ɗaya ba.

Maganar wuta da data gaskiya ce, amma abin da ta rushe shi ne lacca kai tsaye ta bidiyo. Wannan salo an yi shi ne don garuruwan da wuta ba ta ɗaukewa. Saƙon murya na minti goma ba ya cin data sosai, yana sauka ko sabis ya yi rauni, kuma in ya sauka ya zauna. Littafin da aka buga a takarda ba ya neman caji. Memori guda yana ɗauke darussan zango sukutum, kuma ko an katse layi yana aiki. Saboda haka wannan hujja gyaran salo take nema, ba ta kai a fasa ba.

Lissafin masu zubewa ma a karanta shi da adalci. Darussan kyauta ne, babu digiri a ƙarshensu, babu mai neman ka in ka ɓace. Abin da ya koya mana shi ne ɗalibin da aka bari shi kaɗai da waya zai zube. Nan ma tarihin da masu goyon baya suka kawo ya juyo ya yi musu gyara. Nana Asma'u ba ta aika takarda ita kaɗai ba. Mutum ta aika, jaji mai baki da ido, wadda ta san gidan kowace ɗaliba. Cibiyar Malamai ta Kaduna ba ta tsaya a littafi ba, sai da ta haɗa da zama gaba da gaba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ma a cibiyoyinta ake zaunawa a rubuta jarrabawa. Duk inda karatu daga nesa ya yi albarka, akwai ɗan Adam a tsakani.

Hujjar ido, da ta amana, da ta aikin hannu kuwa, ban ga abin da ya ture su ba. Babu manhajar da za ta maye gurbinsu. Haka ita ma hujjar uban da ke tsoron hanya, babu abin da ya ture ta. Wanda ya ce a jira sai tsaro ya dawo, wuta ta zauna, sannan a fara, ya tuna yarinyar da ta gama sakandare bana ba za ta tsaya a shekara goma sha takwas tana jiransa ba.

Inda na tsaya

Ina tare da masu cewa a yi, amma da sharuɗɗan masu cewa a dakata.

A tsara darasi don sabis mai rauni: gajerun saƙonnin murya, da littafi bugagge, da memori. Haɗuwa kai tsaye ta zama ta tambaya da amsa ce kawai, kuma wanda ya rasa ta kada a rage masa maki.

A buɗe cibiya a cikin garin Anka, da Gummi, da Bukkuyum. Ba sai an yi sabon gini ba. Ɗaki biyu a sakandaren da ke akwai, da sola, da kwamfutoci masu ɗauke da darussan a cikinsu, sun isa a fara. Kowace cibiya a sa mata masu kula 'yan garin, namiji da mace, masu digiri, ana biyan su. Su ne za su san wanda ya kwana biyu bai leƙo ba, su je har gida su ji ko lafiya.

Jarrabawa da aikin hannu a yi su gaba da gaba. JAMB tun 2015 take yin jarrabawarta da kwamfuta a cibiyoyi masu mai sa ido, don haka hanyar sananniya ce. A ƙara da tambayar baka: ɗalibi ya zauna gaban malaminsa ya kare abin da ya rubuta. Darussan da suka fi karkata ga karatu da nazari, irin su harsuna, tarihi, ilimin addini da sha'anin mulki, a fara da su. Na lafiya da kimiyya da injiniyanci a ɗauki bayaninsu ta waya, amma a ware makonnin da za a zo ɗakin gwaji da asibiti.

A horar da malami kafin a ɗora masa. A ba shi data da kayan naɗa, a lissafa wannan aiki cikin nauyin da ke kansa, a kuma ƙayyade yawan ɗaliban da zai riƙe. Asusun TETFund yana nan don manyan makarantu, Hukumar Sadarwa tana da asusun kai sabis karkara, kuma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023. Ya kamata amfanin waɗannan ya iso yammacin jihar.

Sharaɗi mafi girma kuwa shi ne kada karatun waya ya zama hujjar barin hanya a hannun ɓarayin daji. Ranar da aka ce 'ya'yan talakawan Zugu su riƙe waya, 'ya'yan masu hali su riƙe aji da ɗakin karatu, an raba ilimi gida biyu, kuma mu malamai bai kamata mu sa hannu a wannan rabo ba. Ɗan Bukkuyum yana da haƙƙin ya hau mota ya je Gusau ya dawo lafiya, ko yana da data ko ba shi da ita.

Kuma in an fara, kada a zo mana da yawan waɗanda suka yi rajista a ce an ci nasara. A faɗa mana nawa suka gama, kuma me suka iya. Ni ne zan sa hannu a takardar sakamako, kuma sa hannun nan shaida ce da za a tambaye ni a kanta gobe kiyama. Duk tsarin da zai bar ni in ce na san wannan ɗalibi, na ji shi da kunnena, na gwada shi ya iya, ina maraba da shi ko ta wace hanya darasin ya isa gare shi. Wanda ba zai bar ni in faɗi haka ba, sayar da takarda ne, kuma mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum sun fi ƙarfin a sayar musu da takarda da sunan ilimi.